Ƙwayar Baba

Ranar Asabar 29 ga Disamba, 2018, aka yi jana'izar Alhaji Shehu Shagari a garinsu, kuma Baba ya rantse ba za a bar shi a Bodinga ba. Tun zaɓen 1979 yake ɗan gani-kashe-nin mutumin nan, har gobe akwai tsohuwar kalandarsa a zaurenmu da babu mai ikon cirewa. Ni na tuƙa shi a motar aro. Titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Tambuwal ya cika maƙil, jiniya ta ko'ina, ƙurar hunturu ta mai da kowa furu-furu. Gawa ba mu gani ba, kabari ba mu gani ba, ƙeyar mutane kawai muka sha kallo. Duk da haka Baba ya dawo mota yana share hawaye, ya ce ya sauke nauyi.

Da aka watse muka sauka gidan Gwaggo, ƙanwarsa da ke aure a Shagari. Tuwon dawa ta kawo da miyar kuka, man shanu na yawo a kai, gishiri da magi sun ji har suna cizon harshe, yadda su biyun suke so. Ta ɗaure kanta tamau da ɗankwali. Baba ya tambaye ta lafiya, ta ce, "Kan nan dai, Yaya." Ya ce rana ce da hayaniya. Dukansu an taɓa auna su an ce suna da hawan jini, kuma dukansu sai kai ya sara suke neman magani, da ya lafa su tura shi ƙarƙashin katifa. Ina zaune ina ci ina jin su, ban ga abin damuwa ba.

Hunturun bai fita ba abin ya faru. Da asuba na ji ƙarar buta ta faɗi, ruwa na kwarara, ban ji an ɗaga ta ba. Na fito na tarar da Baba a tsugune inda yake alwala, ya jingina da bango, hannunsa na dama na reto. Ya dube ni zai yi magana, bakin ya karkace, yawu na bin gemunsa. Sunana yake son kira, abin da ke fitowa wani gurnani ne da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Idanunsa ne suka fi tsorata ni, domin suna nan garau, ya san komai, ya san ni, ya san abin da ke samunsa.

Kafin gari ya waye gida ya cika. Kawu ya ce iska ce ta buge shi, ai an hana shi alwala a gindin tsamiyar nan bai ji ba. Aka kawo rubutu, aka kawo hayaƙi, Inna na ƙoƙarin ɗura masa ruwan tofi yana ƙwarewa yana tari. Wani maƙwabcinmu da ya yi aikin asibiti har ya yi ritaya shi ya karɓe kofin daga hannunta, ya ce kada a ƙara sa masa komai a baki, wanda wannan ciwo ya kama sau da yawa maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai, ruwan huhu zai bi. Ya ce a shafa masa tofin a jiki, a ɗauko mota. Kawu bai ji daɗi ba, amma da yake an bar masa tofinsa sai ya yi shiru.

Daga Bodinga zuwa Sakkwato ba wata tafiya ba ce, amma ranar hazo ya rufe titi, fitila a kunne nake lallaɓawa, ina jin numfashin Baba a bayana ina ƙirga shi. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo aka karɓe mu, aka auna jini, aka auna suga, aka ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Muka shiga buga waya ana harhaɗa kuɗi, Inna ta aika a sayar da tunkiyarta. Ni kuwa raina in ya yi dubu ya ɓaci. A ganina mutum na kwance rabin jikinsa ya mutu, ku ba shi magani mana, hoton me kuma? Na faɗa wa wata matashiyar likita haka, da murya sama da yadda ya kamata. Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Malam, shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Ko jijiya ta toshe, ko ta fashe. Daga waje duk ɗaya suke. Maganin da zai taimaki na farko shi zai ƙara wa na biyu zubar jini. In ban ga hoton ba, caca zan yi da ran mahaifinka."

Na ji maganar, amma ba ta zauna mini ba sai bayan shekara biyu, a wani gidan.

Hoton ya nuna toshewa ce. Da aka tabbatar yana iya haɗiya, nas ta zo da maganin. Bayan duk kuɗin da muka zubar, na zaci wata allura za a fito da ita daga firji. Asfirin ce. Aka fara masa da mai ɗan ƙarfi, daga baya aka mai da shi kan 'yar mitsitsiya mai miligiram 75, wadda a kemis ɗin Bodinga ake ce wa Vasoprin, aka haɗa masa da maganin hawan jini da na rage kitsen jini. Lokacin da harshensa ya fara sakuwa, cikin maganganun farko da muka fahimta akwai wannan: ya ɗora ƙwayar a tafin hannunsa na hagu, ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Don wanga abu anka sai da tunkiya?" A wurin Baba magani sai mai ɗaci, ko allurar da za ta hana ka zama, ko wanda kuɗinsa zai sa ka yi salati.

Likitar ce ta yi mana bayani ranar sallama, da zane a bayan takarda. A cikin jini akwai wasu 'yan ƙwayoyi ƙanana da aikinsu manni ne. In ka yanke, su ne ke rugawa su manne da juna su tsai da jinin. Ta ce kamar masu yaɓen katanga ne gab da damina: duk inda suka ga tsaga sai su liƙa laka. To jijiyar da hawan jini da kitse suka daɗe suna ci, cikinta duk tsaga ne, sai masu yaɓen su yi ta liƙi har su toshe hanyar da jini ke bi zuwa ƙwaƙwalwa ko zuciya. Asfirin tana kashe musu wannan ɗokin mannewa, kuma duk wadda ta taɓa ba ta farfaɗowa har ƙarshen rayuwarta, kwana 7 zuwa 10. Amma jiki kullum yana ƙera sababbi, shi ya sa kullum sai an sha. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin wata magana: wannan ƙwaya ba ta sauke hawan jini ko kaɗan, wannan aikin ɗayan maganin ne.

Daga baya, da abin ya zame mini jiki, na bi tarihinta. A 1897 wani masanin haɗa magunguna a kamfanin Bayer na Jamus, Felix Hoffmann, ya haɗa ta, aka yi shekara fiye da 70 ana sha don ciwon kai da zazzaɓi ba a san takamaiman yadda take aiki ba, sai a 1971 John Vane a Ingila ya gano, har aka ba shi kyautar Nobel a 1982. A 1997 aka fitar da sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Sin, ɗaya a ƙasashe da dama, kowanne da majinyata wajen 20,000. Suka nuna in aka fara asfirin cikin awa 48 bayan toshewar jijiya, a kowane mutum 1,000 ana tsirar da wajen 9 daga mutuwa ko sake faɗuwa a makonnin farko. Da na fara ganin adadin na ce, ashe ma ɗan kaɗan ne. Sai na tuna layin gadajen da ke ɗakin da Baba ya kwanta, na tuna kuɗin ƙwayar bai kai na goron da yake ci a yini ba. Ga wanda ya riga ya taɓa faɗuwa kuwa, shan ta kullum na rage haɗarin maimaituwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ragewa take yi, ba ta yi wa kowa alƙawari ba.

Baba ya tashi. Da gashi a asibiti, da taurin kai irin nasa, kafin damina ya koma masallaci da sanda, ƙafar dama na ɗan ja. Mutanen da suka zo dubiya suna fita suna girgiza kai su ne suka riƙa tare shi a hanya suna kabbara. Nan fa ƙwayar da ya raina ta zama abin alfaharinsa. A majalisarsu ta bakin kasuwa, in wani ya ce kansa na sarawa ko wuyansa ya riƙe, sai Baba ya laluba aljihu ya ɓallo masa guda. "Tsinka jini takai," in ji shi. Tsofaffi da dama suka koma saye da kansu, tunda babu mai tambayarka takardar likita. Ni ma ina ganin abin yana burge ni, Baba ya zama likitan unguwa. Ban san cewa a 2018 ɗin nan an fitar da wani bincike a kan tsofaffi masu lafiya fiye da 19,000 a Ostireliya da Amurka ba, waɗanda ba su taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki ba, aka ga asfirin kullum ba ta ƙara musu tsawon rai cikin lafiya ba, zubar jini ta ƙara musu. Wanda ya taɓa faɗuwa ribarsa ta fi haɗarin, wanda bai taɓa ba sau da yawa haɗarin kawai yake saye.

Har Shagari ƙwayar ta kai. Gwaggo ta yi ƙorafin maganin hawan jinin da aka ba ta yana kumbura mata ƙafafu, ta ajiye shi. Baba ya aika mata da sacet-sacet na tasa, da saƙon cewa wannan ba ta kumbura komai. A wurinta magana ta ƙare, ta samu maganin hawan jini na Yaya, wanda ya ta da shi daga kwance.

Azumin 2021 ya faɗo tsakiyar bazara, irin zafin da ko ƙadangare ba ya fitowa. Bayan la'asar ɗan Gwaggo ya kira ni, muryarsa na rawa. Tana tsaye tana dama kunu ta dafe kai ta ƙwalla ƙara, ta ce wani abu ya fashe mata a ka, ta yi amai, ta zube. Na bar Baba a gida ban gaya masa ba, na kama hanya. Na same ta a tsakar gida kan tabarma, mata sun kewaye ta suna fifita, ƙamshin kunun tsamiya da ya ƙone a murhu ya cika gidan, ga warin amai. Ba irin ta Baba ba ce. Shi idanunsa na magana, ita nata a lumshe, tana wani minshari mai nauyi, ba ta san wanda ke kanta ba. A gefen tabarmar na ga cokali da ɗan farin gari a jiki. Ɗanta ya ga inda nake kallo, ya ce da sauri, da ɗan alfahari ma, ya daka mata ƙwayar Baba guda biyu ya ɗura mata tun kafin in iso, don kada a ɓata lokaci.

Sai maganar likitar nan ta dawo mini gaba ɗaya, har da yadda ta riƙe biro. Ban ce masa komai ba. Me zan ce? Yaro ne da ya ga uwarsa a ƙasa ya yi abin da duk danginsa suka koya masa.

Mun sha ruwa a mota, wajen Sifawa, da dabino ɗaya da muka raba. Muka wuce ta Bodinga, ta bakin layinmu, ban tsaya ba. A Sakkwato aka yi hoton cikin dare. Wannan karon ban yi wa kowa tsawa ba, ni ke roƙon a yi hoton. Likitan da ke aiki ya ɗaga shi a fitila ya nuna mana wani farin tabo a tsakiyar ƙwaƙwalwa, ya ce jini ne. Ya tambayi magungunan da take sha. Da aka gaya masa, ya ajiye hoton, ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce hawan jinin da aka bari ba magani shi ya fasa jijiyar, shekaru yana cin ta. Asfirin ba ta hana wannan, kuma in jini ya ɓalle tana iya sa ya yi wuyar tsayawa. Ɗan ya tambaye shi kai tsaye ko biyun da ya ba ta ne suka jawo. Likitan ya ce jinin ya riga ya zuba kafin cokalin, kuma da girman wannan tabo ba zai iya cewa da ta tashi ba ko da ba a ba ta komai ba. Gaskiya ya faɗa, bai ƙara ba bai rage ba, amma na ga yaron bai ɗauki rabin maganar ba.

A bakin wannan likita na fara jin cewa irin ta Gwaggo ta fi yawa a wajenmu fiye da Turai. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da abokan aikinsa, wanda aka buga a 2018, ya duba majinyata fiye da 2,000, ya samu kusan ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce, kuma hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo ciwon. Ke nan duk wanda ya ɗura wa mai shanyewar jiki asfirin a tsakar gida ba hoto, a kowane mutum uku akwai wajen ɗaya da yake ƙara wa ciwo.

Gwaggo ba ta kai sallah ba. A Shagari aka binne ta.

Baba bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya karɓi gaisuwa, ya yi addu'a, ya dawo Bodinga ya daina zuwa majalisa. Kullum bayan sahur, daga baya bayan karin kumallo, Inna na miƙa masa magani ya karɓa ya kai baki, mu duka muna ganin yana sha. Ashe ƙaramar yake maƙalewa tsakanin yatsu. Bayan sallah da 'yan makonni yana karatu a zaure sai carbi ya suɓuce masa, harshe ya yi nauyi, bakin ya fara jirkicewa. Kafin in fito da mota ya warware, ya ce ba komai, gajiya ce. Inna ce ta ɗaga buzun da yake zama a kai don ta kakkaɓe, ƙwayoyin suka zubo, farare, sun kai cikin tafi.

Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, don me?"

Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce, "Abin da yak kashe mini ƙanwa, da hannuna na aika mata, shi zan ta haɗiya?"

Ban iya ba shi amsa ba, sai na kai shi wurin masu iyawa. Likitan ya ce wannan da ta zo ta wuce cikin mintoci gargaɗi ce, kuma kwanakin da ke biye mata su ne mafi haɗari. Ya zauna da Baba ya yi masa magana da Sakkwatanci tsantsa, ba gaggawa. Ya ce ciwonsa da na ƙanwarsa suna ɗaya ne, hali daban. Tata jijiyar fashewa ta yi, tasa toshewa take yi, kuma abin da ya bar ta ba kariya shi ne maganin hawan jinin da ta ajiye, wanda da ta dawo ta ce yana kumbura mata ƙafa da an canja mata wani, tunda suna da yawa. Baba ya saurara, ya ce, "Awo." Bai ce ya yarda ba. Amma ya koma sha, a gaban Inna, tana tsaye sai ya buɗe baki ta gani. Aljihunsa kuma bai ƙara ɗaukar ƙwaya zuwa kasuwa ba. In wani ya roƙa sai ya ce ta ƙare.

Ɗan Gwaggo har yau bai bar maganar ba. Duk haɗuwarmu, ko a biki ko a ta'aziyya, sai ya ja ni gefe ya ce in sake gaya masa abin da likitan ya ce a daren nan. Ina maimaita masa kalma da kalma. Ya gyaɗa kai, mu rabu, in mun sake haɗuwa ya sake tambaya.

Akwai kuma wani tashin hankalin da ya biyo baya, wanda ya zo ta gwiwa. Sanyi ya kama wa Baba ƙafar da ke ja, wani mai kemis ya haɗa masa daikulofenak da irin garin maganin nan na 'yar takarda da direbobi ke kaɗawa a ruwa, bai tambaye shi abin da yake sha ba. Garin nan kansa asfirin ce mai yawa a ciki. Baba ya fara jiri, tafin hannunsa ya yi fari, kuma da ƙyar, cikin kunya, ya gaya wa Inna bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin mai wari. Jini ne ke tsiyaya daga cikinsa. Sai da aka yi masa ƙarin jini. Aka hana shi duk wani maganin ciwon jiki in ba farasitamol ba, aka ba shi omefurazol don kare ciki, aka ce ko wanzami zai yi masa ƙaho ko haƙori za a cire masa, a fara faɗin abin da yake sha, kuma kada ya dakatar da kansa. Bayan cikin ya warke likita ya mai da shi kan kulofidogirel, shi ma miligiram 75, wanda ke hana 'yan ƙwayoyin nan mannewa ta wata hanyar daban.

Wannan kam yana da tsada, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 Naira ta faɗi, kuɗinsa sai hawa yake. Wani watan sai na je har Sakkwato kafin in samu wanda na yarda da shi. Ran nan na kawo masa na wata, ya ce in gaya masa nawa na saya. Na faɗa. Ya yi salati, ya juya kwalin gaba da baya, ya sa Inna ta buɗe masa akwatin ƙarfen da yake ajiye takardun gona, ya saka shi a ciki ya kulle. Yanzu kullum da safe sai an jira ya lalubo makullin daga aljihun 'yar shararsa, ya ɓallo guda da kansa, ya ƙirga sauran.